Ɗaya da Ɗigo Tara

Kafin a cinna wa gonakin rake wuta
sai an fara biyowa ta teburina.
Tun duku-duku suke layi a Chichigalpa,
huluna a hannu, adduna jingine da bango,
dutsen nan mai aman wuta yana busa hayaƙinsa a bayansu
kamar tsohon da ya ga komai ya ƙi tankawa.

Ni ce Casilda. Aikina bai taka kara ya karya ba:
in ɗaure damtse da roba, in lalubo jijiya,
in cika kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.
Sauran na na'ura ne.

Kiriyatinin.
A wasu garuruwan sai bakin likita ke iya juya ta,
a nan ko yarinya mai tallar lemo ta san ta.
Toka ce, haka nake gaya musu.
Tsoka murhu ce, ba ta mutuwa,
ko kana barci tana zubar da tokarta a jini.
Ƙoda kuwa masu shara ne, su biyu,
can baya, ƙarƙashin haƙarƙari,
ba su san Lahadi ba,
su tace, su rairaye, su kora ta waje da fitsari.
Mai ƙaton damtse tokarsa kan ɗan fi yawa, wannan ba laifi.
Amma in ta yi ta taruwa, bara kaɗan, bana da yawa,
ba wutar ce ta ƙaru ba,
masu sharar ne suka gaji.

Abin da ban cika faɗa ba:
ƙoda ba ta da baki.
Takan yi asarar kusan rabin ƙarfinta
lambar na zaune kamar ba ta ji ba.
Ran da ta ɗaga kai, an daɗe da yin ɓarna.

Ranar Talata, na arba'in da bakwai a layi
ya miƙo kati, kansa a sunkuye.
Eulogio Téllez, in ji katin.
Hannun kuwa na san shi tun yana riƙe zanena a hanyar coci,
ga tabon adda a gindin babban yatsa,
ni na ɗaure shi da tsumma shekara tara da suka wuce.
Remigio. Ƙanena.
Bara aka sallame shi da takarda da shawara:
ka sha ruwa, ka nemi inuwa, ka huta.
Inuwa ba ta sayen wake.
'Ya'yansa uku, ta huɗu na ciki.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, kwana uku ina ɗirkar ruwan kwakwa,
ko naman Lahadi ban taɓa ba.
Na ce, miƙe hannun, malam Eulogio.
Allurar ba ta yi rawa ba. Ni ce na yi.

Da azahar na'ura ta tofo takarda.
Ɗaya da ɗigo tara.
Na kalli taran nan har ta zama ƙugiya.
Biro na hannuna. Ba kowa a ɗakin sai fanka.
In na mai da ita biyu, gobe yana cikin rake,
rana a ƙeya, gumi na tafiya da ruwan jikinsa,
masu sharar nan biyu suna ja da gwiwa.
In na bar ta, tukunyarsu ce za ta yi shiru.

Jini ba ya karanta kati.
Sunan aro ya shiga kwalba, gaskiyar Remigio ta fito.

Na rubuta abin da na gani.

Da yamma na bi ta gidansa da buhun shinkafa a ka
da takardar ganin likitan ƙoda a León.
Yana zaune a ƙofa yana wasa addarsa a dutse.
Bai ɗago ba.
Ya dai matsa kaɗan a kan bencin,
daidai wurin zaman mutum ɗaya.